Yadda ake ƙiyasta nisan da gangare zai zame idan ƙasa ta girgiza

Ƙiyasin zamewar gangare lissafi ne da injiniyoyi ke yi domin sanin nisan da gefen tudu, ko jikin madatsar ruwa, ko bangon rami zai gusa idan girgizar ƙasa ta auku. Ana ba da amsar ne da santimita ko mita, kuma a kanta ake dogara wajen yanke shawarar ko za a gina abu a wani wuri, ko za a ƙara wa madatsa kauri, ko kuwa za a tashi mutanen da ke zaune a gindin tudu. A ƙasashen da girgizar ƙasa ta zama ruwan dare, irin su Japan da Amurka da Chile, da wuya a amince da zanen babbar madatsa ba tare da wannan lissafi ba.

Dalilin ba shi wannan muhimmanci a fili yake. A manyan girgizoji da dama, zaftarewar ƙasa ta kashe mutane masu yawan gaske ban da waɗanda gine-gine suka danne. A ranar 31 ga Mayun 1970 girgiza mai maki 7.9 ta ɓallo ƙanƙara da duwatsu daga tsaunin Huascarán na ƙasar Peru, suka gangaro suka binne garin Yungay da dubban mazaunansa cikin 'yan mintoci. A girgizar Wenchuan ta ƙasar Sin, ranar 12 ga Mayun 2008, an ƙiyasta cewa zaftarewar ƙasa kaɗai ta hallaka kimanin mutum 20,000. Ko a girgizar Maroko ta ranar 8 ga Satumbar 2023, duwatsun da suka zubo kan hanyoyin tsaunukan Atlas sun hana masu agaji isa ƙauyuka da yawa a kan lokaci.

Mai karatu a Ungogo, inda ƙasa take shimfiɗe kuma gonaki suka haɗe da juna daga wannan gari zuwa wancan, zai iya cewa wannan zance na mutanen tsaunuka ne. Amma gangare ba sai tsauni ba. Jikin madatsar Tiga gangare ne, bangon kududdufi gangare ne, haka ma cikon da aka ɗora titi a kansa da gaɓar kogin Jakara.

Abin da ke riƙe gangare

Kowane gangare yana tsaye ne a tsakanin ƙarfi biyu. Nauyin ƙasar yana jan ta zuwa ƙasa, yayin da kamuwar ƙwayoyinta da juna ke riƙe ta. Wannan riƙo iri biyu ne. Akwai gogayya, wadda ita ce kaɗai yashi ke da ita, shi ya sa tarin busasshen yashi da tifa ta juye ba ya tsayawa a karkacewar da ta wuce digiri 30 zuwa 35, ko da sau nawa aka tara shi. Akwai kuma danƙo, wanda laka da jar ƙasa ke da shi, kuma shi ne ke sa bangon kududdufi ya tsaya kusan a miƙe har tsawon shekaru.

Injiniyoyi suna raba ƙarfin riƙo da ƙarfin ja, abin da ya fito su kira shi ma'aunin aminci. Idan ya kai 1.5, ma'ana riƙon ya fi jan da rabi, kuma wannan shi ne abin da aka saba nema ga jikin madatsa a zamanta na yau da kullum. Idan ya sauko zuwa 1, gangaren yana bakin faɗuwa. Ana samun lambobin ne ta hanyar haƙa ramukan gwaji, a ɗebo samfurin ƙasa daga zurfi daban-daban, a matsa shi a ɗakin gwaji har sai ya tsage, sannan a gwada layukan tsagewa masu yawa a kwamfuta a zaɓi mafi rauni.

Ruwa shi ne babban mai rage wannan ma'auni. Idan ya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, yakan ɗauke wani sashe na nauyin da ke danne su wuri guda, gogayya ta ragu, ga shi kuma ya ƙara wa ƙasar nauyi. Wannan ne ya sa bangon rami yakan rufta a watan Agusta alhali ya kwana lafiya duk rani. Saboda haka gangare ɗaya yana da ma'aunin aminci na rani da na damina, kuma girgizar ƙasa ba ta zaɓar wata.

Daga Terzaghi zuwa Newmark

Hanyar farko da aka bi wajen shigar da girgiza cikin lissafi mai sauƙi ce. Ana ɗaukar girgizar a matsayin wani ƙarfi tsayayye da ke tura gangaren ta gefe, a ƙara shi a kan nauyi, a sake fitar da ma'aunin aminci. Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka uban ilimin injiniyancin ƙasa, ya yi bayanin wannan hanya a shekarar 1950, ya kuma ba da shawarar a ɗauki turin a tsakanin kashi 10 zuwa kashi 50 cikin 100 na nauyin ƙasar, gwargwadon tsananin girgizar da ake tsammani. Har yau ana amfani da ita wajen tantancewar farko.

Aibinta shi ne amsa biyu kawai take bayarwa: gangare ya tsaya ko ya faɗi. Alhali girgiza ba turi ba ce mai ɗorewa. Ƙasa tana fizgawa gaba, ta dawo baya, ta sake fizgawa, sau da yawa a cikin sakan guda. Ma'aunin aminci zai iya faɗuwa ƙasa da 1 na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya dawo. A wannan ɗan lokacin gangaren ya gusa, amma bai zube ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce nisan da ya gusa.

Nathan Newmark, farfesan injiniya a Jami'ar Illinois ta Amurka, shi ne ya shimfiɗa hanyar amsa wannan tambaya a wata lacca da ya gabatar a Landan a shekarar 1965, a jerin laccocin tunawa da Rankine, kan tasirin girgizar ƙasa ga madatsu da cikon ƙasa. Ya kwatanta ƙasar da za ta zame da bulo guda da aka ɗora a kan karkataccen allo. Wanda ya taɓa ganin buhun hatsi a bayan a-kori-kura ya san abin da ake nufi. Muddin direba yana tafiya a hankali, buhun yana nan inda aka ajiye shi. Idan ya fizgi motar da ƙarfin da ya wuce riƙon da ke tsakanin buhun da daɓen motar, buhun zai zame kaɗan ya tsaya. Kowace fizga mai ƙarfi tana ƙara masa ɗan nisa, ƙananan kuwa ba sa motsa shi ko kaɗan. Idan aka isa kasuwa, nisan da buhun ya yi daga mazauninsa shi ne jimillar duk waɗannan zamewa.

Iyakar da buhun ke fara motsi daga gare ta ita ce zuciyar lissafin, kuma za a iya kiranta fizgar farkon zamewa. Ana auna ta ne da jan ƙasa, wato ƙarfin da ke sa gudun abin da aka saka daga sama ya riƙa ƙaruwa da mita 9.8 a sakan duk bayan sakan guda. Newmark ya nuna cewa ana iya samun ta daga ma'aunin aminci: a cire 1 daga ma'aunin, a ninka abin da ya rage da kason nauyin ƙasar da ke jan ta bisa gangaren. Daga nan sai a ɗauko rubutun wata girgiza ta gaske da na'ura ta naɗa, a bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda fizgar ta haura iyaka, a lissafa gudun da bulon ya samu, a ci gaba da binsa har gogayya ta tsayar da shi, a rubuta nisan. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne bulon ba ya tsayawa nan take idan fizgar ta sauko, domin ya riga ya samu gudu. Sau da yawa mafi yawan nisan a wannan lokacin birki ake yin sa. Kuma da yake hawa ya fi sauka wuya, fizgar da ta nufi sama ba ta mayar da shi inda ya fito, don haka nisan taruwa yake yi ta fuska ɗaya.

Misali da lambobi

A ɗauki gangare mai karkacewar digiri 30. A irin wannan karkacewa rabin nauyin ƙasar ne ke jan ta zuwa gindi. A ce ma'aunin amincinsa a rani 1.2 ne. Idan aka cire 1 saura 0.2, a ninka da rabi ya ba da 0.1. Ke nan gangaren ba zai motsa ba sai fizga ta wuce kashi 10 cikin 100 na jan ƙasa.

Yanzu a ce fizga guda ta zo mai kashi 30 cikin 100, ta ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Domin sauƙi a ɗauki jan ƙasa a matsayin 10. Rarar da ke tura ƙasar ita ce kashi 20 cikin 100, wato 2. A ƙarshen fizgar ƙasar ta kai gudun santimita 40 a sakan, ta kuma yi tafiyar santimita 4. Daga nan gogayya ta shiga rage mata gudu da ƙarfin kashi 10 ɗin nan, abin da ke ɗaukar kashi biyu cikin biyar na sakan, kuma a cikinsa ta ƙara santimita 8. Jimilla santimita 12 daga fizga ɗaya, kashi biyu cikin uku bayan fizgar ta wuce.

A mayar da gangaren nan tsakiyar damina, ruwa ya jiƙa shi har ma'aunin amincinsa ya sauko zuwa 1.05. Iyakarsa ta koma kashi 2.5 cikin 100 kacal. Fizgar ɗazu za ta ba shi gudun santimita 55 a sakan, ya yi santimita 5.5 a lokacinta. Amma birkinsa yanzu rubu'in na da ne, don haka sai ya ƙara kusan santimita 60 kafin ya tsaya. Jimilla kimanin santimita 66, fiye da ninki biyar na abin da aka samu a rani, alhali tudun bai sauya ba kuma girgizar ba ta ƙaru ba. Idan kuma ƙaramin motsi ne mai kashi 5 cikin 100 na tsawon lokaci ɗaya, gangaren rani ba zai san an yi ba, na damina kuwa zai gusa santimita ɗaya.

Wannan misali an sauƙaƙa shi ƙwarai, domin girgiza ta gaske tana ɗauke da fizga goma-goma masu girma daban-daban. Amma ya isa ya nuna dalilin da ya sa tsawon lokacin girgiza yake da muhimmanci kamar ƙarfinta. Girgiza mai maki 5 tana iya kawo fizga mai kaifi sau ɗaya ko biyu ta wuce cikin 'yan sakanni, mai maki 7.5 kuwa tana iya shafe kusan minti tana maimaitawa.

Abin da lambar ke nufi

Kuskure ne a ɗauki sakamakon a matsayin annabci, a ce tudu kaza zai gusa santimita 12 daidai. Masu aikin da kansu suna ɗaukar sa a matsayin manuniya: santimita ɗaya da goma da ɗari suna nufin abubuwa uku daban, amma 12 da 15 duk ɗaya ne. A binciken gangaren tsaunuka an fi ɗaukar santimita 5 zuwa 10 a matsayin iyakar da ƙasa ke fara tsagewa ta rasa ƙarfinta, ta yadda ruwan sama na gaba zai ƙarasa aikin. Ga madatsun ƙasa da aka daddage da kyau, wani nazari na injiniyoyin sojan Amurka a 1984 ya ɗauki mita ɗaya a matsayin abin da za su iya jurewa. Sai dai wannan ya danganta da tazarar da ke tsakanin saman ruwa da kan madatsar, da kuma kaurin matatar yashi da ke cikinta. Idan zamewa ta yanke matatar, ruwa zai sami hanyar zaizayar madatsar daga ciki.

An yi wa hanyar Newmark gyare-gyare da yawa. A 1978 Makdisi da Seed na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka nuna cewa doguwar madatsa ba ta motsi kamar bulo, lanƙwasa take yi, kuma samanta ya fi gindinta kaɗawa, suka fitar da jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi. Randall Jibson na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya sarrafa rubutun girgizoji masu yawa ya fitar da gajerun ƙa'idoji tun daga 1993, waɗanda ke ba da nisan zamewa daga abu biyu kawai, iyakar gangaren da ma'aunin yawan kaɗawar da injiniyan Chile Arturo Arias ya ƙirƙiro a 1970. Da wannan ne ya yiwu a zana taswirar haɗari ta yanki guda maimakon tudu ɗaya. An gwada taswirar da girgizar Northridge ta 17 ga Janairun 1994, wadda ta haddasa zaftarewa fiye da 11,000, aka ga cewa yawan zaftarewar yana ƙaruwa a wuraren da lissafi ya ba da nisa mafi girma. A 2007 Bray da Travasarou suka ƙara wani mataki, inda amsa ta koma ta yiwuwa: kashi nawa cikin ɗari ne zamewar za ta wuce nisa kaza. Wannan ya fi gaskiya, domin girgizoji biyu masu maki ɗaya a nisa ɗaya suna iya ba da sakamakon da ya ninka juna sau da yawa.

Inda lissafin ke gazawa

Hanyar ta ginu ne a kan zaton cewa ƙarfin riƙon ƙasa ba ya sauyawa sosai yayin da take zamewa. Akwai ƙasar da wannan zato bai shafe ta ba, kuma ita ce mafi haɗari. Sakakken yashi da ya ƙoshi da ruwa, idan aka kaɗa shi, ƙwayoyinsa suna neman matsewa, ruwan da ke tsakaninsu ya rasa mafita, nauyin duka ya koma kan ruwan. Cikin sakanni ƙasar da ake takawa sai ta zama kamar kunu. A nan babu birki, don haka babu maganar santimita.

Darasin da aka fi ambata shi ne na madatsar San Fernando ta ƙasa da ke arewacin Los Angeles. An gina ta a farkon ƙarni na 20 ta hanyar kwararo yashi da laka da ruwa, ba tare da daddagewa ba. Ranar 9 ga Fabrairun 1971 girgiza mai maki 6.6 ta narkar da wani sashe na cikinta, fuskar da ke kallon ruwa ta zame cikin tafkin, ta tafi da saman madatsar. Abin da ya rage tsakanin ruwa da baki bai wuce mita ɗaya da rabi ba. An kwashe kimanin mutum 80,000 daga unguwannin da ke ƙasa har aka rage ruwan. Abin da ya cece su shi ne tafkin bai cika ba a ranar. Binciken da H. Bolton Seed ya jagoranta ya nuna cewa babbar zamewar ta auku ne jim kaɗan bayan kaɗawar ta lafa, abin da bulon Newmark ba zai taɓa nunawa ba. Tun daga nan ƙa'ida ta zama a fara tambayar ko ƙasar tana iya narkewa, sai an kawar da wannan sannan a shiga lissafin nisa. Japan ba ta yi irin wannan sa'a ba a ranar 11 ga Maris 2011, lokacin da madatsar ban-ruwa ta Fujinuma ta ɓalle a girgizar Tohoku, ruwanta ya ci gidaje da rayuka.

Faɗowar dutse ma ba ta shiga wannan lissafi yadda ya kamata. Ƙaton dutsen da ke zaune a kan wani ba zamewa yake yi ba, tuntsurewa yake yi. Nazarin David Keefer na 1984 kan girgizoji 40 ya nuna cewa irin wannan faɗowa ce ake fara gani, tun daga girgiza mai maki 4 ko kusa da haka.

Najeriya, Kano da Ungogo

Najeriya tana tsakiyar farantin Afirka, nesa da bakin da faranta ke gogar juna, kuma mafi yawan ƙasar Kano tana kan tsohon dutse mai tauri. Haɗarin babbar girgiza a nan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da Turkiyya ko Iran. Amma Afirka ta Yamma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba. Girgizar 22 ga Yunin 1939 ta rusa gine-gine a Akra ta kashe mutane, ta 22 ga Disamban 1983 kuma ta hallaka ɗaruruwa a arewa maso yammacin Gini, dukansu biyu da maki sama da 6. A cikin gida an ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Ƙaramar Hukumar Jaba a Jihar Kaduna a Satumbar 2016, da kuma Mpape da kewayenta a Abuja a Satumbar 2018, inda hukumomin birnin suka dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin na wani lokaci. Mpape ta sake motsawa a Satumbar 2024. Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, da hukumar binciken ma'adinai da yanayin ƙasa ta Najeriya, su ne ke sa ido a kan waɗannan motsi.

Duk waɗannan na cikin gida ƙanana ne, kuma a ma'aunin Newmark ƙaramin motsi ba ya gusar da gangare mai lafiya. Wannan shi ne albishir ɗin da lissafin ke ɗauke da shi ga Kano. Gargaɗinsa kuma yana cikin misalin damina da aka kawo a sama: abin da ke ƙayyade sakamako shi ne tazarar da ke tsakanin fizga da iyakar gangaren, kuma ana iya rufe tazarar ta ɓangare biyu. Inda ƙasa ba ta kawo babbar fizga ba, ruwa da sakaci suna iya saukar da iyakar har ta kusa sifili.

Jihar Kano tana cikin jihohin da suka fi yawan madatsun ƙasa a Najeriya, yawancinsu daga shirin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tiga, wadda aka kammala a 1974, da Challawa ta 1992, su ne manya, ga kuma irin su Watari a Bagwai da Tomas a Dambatta da ta Jakara a Wasai ta Minjibir, maƙwabciyar Ungogo. Ba girgiza ce ta fasa madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, ba kuma ita ce ta ɓalle Alau ta cika Maiduguri da ruwa a Satumbar 2024 ba. Ruwa ne a duka biyun. Amma bayanan da ake buƙata domin lissafin girgiza su ne dai waɗanda ake buƙata domin sanin lafiyar madatsa a damina: ƙarfin ƙasar jikinta, matakin ruwan da ke ratsa cikinta, da tazarar da ta rage a sama. Madatsar da ta kai shekara 50, wadda zaizaya ta ci fuskarta, bishiyoyi suka kafa saiwa a jikinta, gara ta yi gida, ba ta da ma'aunin amincin da aka rubuta mata ranar buɗewa. Kashe kuɗi wajen sake auna ta ya fi hikima a kan jayayyar ko Kano za ta taɓa girgiza, domin awo ɗaya yana amsa tambayoyin biyu.

A Ungogo kanta gangaren da ke kusa da rayuwar mutane ƙanana ne, kuma hannu ne ya yi yawancinsu. Birnin Kano ya faɗaɗa ya shigo Rijiyar Zaki da Bachirawa da sauran garuruwan ƙaramar hukumar, kuma ginin nan yana cin yashi da burji da ƙasar bulo, waɗanda ake haƙowa daga gonakin jiya. Bangon irin wannan rami, musamman idan mahaƙa sun rarake gindinsa suna bin jijiyar yashi mai kyau, ma'aunin amincinsa yana dab da 1 tun kafin komai ya taɓa shi. Iyakarsa kusan babu ce, don haka ba ya jiran girgizar ƙasa. Tifa mai lodi da ta tsaya a bakinsa ta isa, haka ma tarin ƙasar da aka zuba a gefensa ko ruwan dare ɗaya. Abin da injiniya zai ce a nan gajere ne: a kwantar da bangon maimakon a bar shi a miƙe, a yanka shi hawa-hawa idan zurfin ya yi yawa, a nisantar da mota da tari daga baki, a kuma karkatar da ruwan sama kada ya bi ta kansa. Tsagar da ta bayyana a ƙasa a layi ɗaya da bakin rami alama ce cewa zamewa ta riga ta fara.

Sai kuma tsofaffin kududdufai da ake cikewa da shara da ɓaraguzai a yanka filaye a kansu. Sakakken ciko mai jiƙe da ruwa shi ne irin ƙasar da ta fi ninka kaɗawa, ta fi kuma saurin zaunawa ko da babu kaɗawar. Gidan da rabinsa ke kan ƙasar asali rabinsa kan ciko yakan tsage a daidai mahaɗar. A wajen Fanisau kuwa, inda duwatsu suka taso a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, abin dubawa shi ne ɗaiɗaikun duwatsun da ke zaune a kan wasu da kuma gidajen da ke matsowa gindinsu. Kaɗawar nakiyar fasa dutse gajeruwa ce, nisan da take bayarwa a lissafin Newmark ƙanƙani ne, amma tana maimaituwa, kuma dutsen da zaizaya ta riga ta cinye ƙasar da ke tallafe da shi ba ya buƙatar santimita masu yawa kafin nauyinsa ya rinjaya waje. Duba irin waɗannan duwatsu aiki ne na ido da tef ɗin awo, wanda ya kamata a yi kafin a ba da takardar fili a gindinsu.